Dutsen Mora: Shin Da Gaske Ba A Ci Jamusawa Da Yaƙi Ba?

Shin da gaske ne Turawan Ingila da na Faransa sun kasa cin Jamusawa a kan dutsen Mora, a arewacin Kamaru, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya? In kuwa sun kasa, yaya aka yi Faransanci yaranmu ke karantawa a makarantun Marwa da Mora, ba Jamusanci ba?

Wannan gardama ba ta tsufa. Duk sanda aka ga ayarin motocin soja sun bar Marwa sun yi arewa, ko aka tayar da zancen rundunar haɗin gwiwa mai yaƙi da Boko Haram, sai wani a majalisa ya ce ai Mora garin soja ne tun zamanin Jamus. Wani ya ƙara gishiri, ya ce Jamusawa ɗari biyu ne suka gagari duniya a kan dutsen nan. Na uku ya rage murya, ya ce har zinari suka binne kafin su sauko. A cikin maganar akwai gaskiya, akwai ƙari. Akwai kuma mutanen da ba a ambato sam, alhali su ne suka fi kowa yawa a cikin labarin.

Mene ne barikin bakin iyaka?

In an ce sansanin Jamus, wasu kan ɗauka wata ƙatuwar ganuwa ce mai ƙofofin ƙarfe. Ba haka abin yake ba. Barikin Bature a bakin iyaka 'yan gine-gine ne: gidan kwamanda, ɗakin ajiyar makamai, gidan kaso, filin fareti, bukkokin sojoji da iyalansu, sai sandar tuta a tsakiya. Tutar nan ce ma kan gaba, domin bayan taron Berlin na 1884 zuwa 1885 al'adar Turawa ta zama cewa ba a yarda ƙasa taka ce sai an ga alamarka a kanta. Sauran aikin bariki shi ne tara haraji, kamo ma'aikata da 'yan dako, da sa ido a kan sarakuna.

Irin wannan bariki an gina shi ne don ya tsorata mai baka da mashi da bindigar toka. Ba a gina shi don ya jure wa igwar wani Bature ba. Wanda ya riƙe wannan zai gane abin da ya sa kwamandan Mora, da jin an fara yaƙi a Turai, ya bar barikinsa na fili ya haye dutse.

Iyakar 1914 ba ita ce ta yau ba

A nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Mun saba da cewa in ka bar Mora ka yi 'yar tafiya ka isa Amchide, ka taka Banki, ka shiga Najeriya. A 1914 iyakar ba a nan take ba. Dikwa, Bama, Gwoza, Madagali da Mubi duk a ƙarƙashin tutar Jamus suke, kamar Mora da Marwa da Garwa. Ƙasar Ingila tana farawa ne can yamma, wajen kogin Yedzaram, kan hanyar Maiduguri.

Layukan an ja su a takarda tun kafin a ga ƙasar da ido. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ta bar wa Ingila garin Yola, ta ba Jamus mafi yawan ƙasar Adamawa, wato kai a hannun wani, gangar jiki a hannun wani. Ta 1894 tsakanin Jamus da Faransa ta shata gefen gabas. Daga baya bindiga ta biyo takarda. A ranar 22 ga Afrilun 1900 Faransawa suka kashe Rabe, mayaƙin da ya mamaye Borno, a Kusuri, kwamandansu Lamy shi ma ya mutu a ranar, aka sa wa sansanin da suka kafa a ƙetaren kogi sunansa, Fort-Lamy, wanda ya koma Injamena a 1973. Ingila ta ci Yola a 1901, Lamido Zubairu ya fita yana neman inda zai sake ja da su. Jamusawa suka kama Garwa a shekarar, suka fatattaki rundunar Fulani a Marwa a farkon 1902 ƙarƙashin Hans Dominik.

In ka dubi taswirar lokacin, arewacin Kamaru ta Jamus kamar wuyan raƙumi take: doguwa, siririya, ta miƙe har Tafkin Chadi, Ingila a yamma, Faransa a gabas. Duk wanda aka ajiye a ƙarshen wuyan nan ya san ranar da aka ɓata da maƙwabta, shi za a fara shaƙewa. Kusuri tana kallon Fort-Lamy ido da ido, ruwa kaɗai ya raba su. Gab da yaƙin Jamusawa suka mayar da mazaunin razdan ɗinsu na yankin tafki zuwa Mora.

Ba Bature ne ya gano amfanin dutsen ba, wannan ya kamata a faɗa. Mora fadar Mandara ce, kuma sarakunan Mandara sun zauna a gindinsa ne tun a ƙarni na 19, lokacin da hare-haren Fulani suka sa tsohuwar fadarsu ta Dulo ta daina zaunuwa. Mahayin doki sarki ne a fili, amma da ya zo gindin dutse sai ya sauka. Mutanen wurin sun san wannan tun kaka da kakanni.

Wata goma sha takwas a kan dutse

Kwamandan shi ne Kyaftin Ernst von Raben, shugaban kamfani na 3 na rundunar mulkin mallakar Jamus da ake kira Schutztruppe. Mutanensa, har da waɗanda ya ɗauka cikin gaggawa, kimanin 200 ne, Turawa a cikinsu goma sha wani abu. A tsakiyar Agustan 1914 ya kwashe su zuwa dutsen, wanda ya ɗara filin ƙasa da kusan mita 500, ga manyan duwatsu jibge a kan juna, ga kogunan ɓuya. Suka gina shingayen dutse, suka kafa bindigogi masu ruwa a bakin hanyoyin hawa.

Ba a jima ba Kyaftin Fox ya iso daga Maiduguri da sojojin Najeriya. A ƙarshen Agusta ya gwada hawa, aka koro shi. A kwanakin ne kuma rundunar Ingila da ta taso daga Yola ta faɗa wa Garwa ta sha kashi, har kwamandanta, Laftanar Kanar Maclear, ya rasa ransa. Faransawa suka ci Kusuri a Satumba, mai riƙe da ita, Laftanar Kallmeyer, ya sulale da ragowar mutanensa ya haɗu da von Raben. Daga nan aka yi wa dutsen ƙofar rago: Ingila ta wannan gefe, Faransa ta wancan.

Yaƙin ƙawanya ba kullum ake harbi ba. Mafi yawansa zama ne, da yunwa, da ƙishirwa. Ruwa yana ƙasa, a inda bindigar abokin gaba ke kaiwa, saboda haka ɗebo shi kasada ne da rai. Hatsi ya yi ƙasa, aka koma kan dabbobin da aka hau da su, dawakai da jakuna da raƙuma, aka yanka aka cinye. Rashin ganye da kayan marmari ya kawo cutar da ke kumbura dasashi ta zubar da haƙora. Magani ya ƙare. Da dare 'yan sintiri kan ratsa tsakanin masu gadi su sauka ƙauyuka neman abinci. "Neman abinci" ke nan a bakin soja. Mai rumbun da aka fasa yana da wani sunan da yake kiran abin.

Akwai labarin da marubutan Turai ke so ƙwarai. A jajibirin Kirsimetin 1914 aka ga farar tuta a ɓangaren masu ƙawanya. Ashe ba miƙa wuya ba ne, saƙo ne ake son aika wa wani sajen Ingila da ke tsare a hannun Jamusawa. Aka tsagaita wuta, hafsoshi suka yi musayar kyaututtuka, bayan haka aka koma harbi. Labari ne mai daɗi, ban musa ba, amma ladabi ne tsakanin Bature da Bature.

A can kudu kuwa ƙasar tana zamewa daga hannun Jamus. Duwala ta faɗi tun Satumban 1914. Garwa ta miƙa wuya ranar 10 ga Yunin 1915, bayan an kawo manyan igwa ta kogin Binuwai da ta tudu. Ngaundere ta bi a watan. Janar Cunliffe na Ingila, wanda ya ci Garwa, ya juyo kan Mora ya yi mata ruwan harsashin igwa a farkon Satumban 1915, ya tura sojoji su hau, suka kasa. Ya bar masu tsaro ya wuce Banyo, wadda ita ma sansanin kan dutse ce, ya ci ta a Nuwamba. A ƙarshen Satumban nan harsashi ya samu von Raben a ka, ya kwanta jinya, Kallmeyer ya riƙe masa.

Ranar 1 ga Janairun 1916 aka shiga Yawunde. Gwamnan Jamus Ebermaier da babban kwamandan sojansa Zimmermann suka tsallaka da dubban sojoji da iyalansu zuwa Gini ta Sifaniya, wadda ba ta cikin yaƙin. Aka wayi gari babu sauran inda tutar Jamus ke tashi a Kamaru sai kan dutsen Mora. Aka aika wa von Raben takarda ana sanar da shi halin da ake ciki, tare da sharuɗɗa masu sauƙi: Turawa za a kai su Ingila a tsare, sojojin Afirka kowa ya koma gida lafiya. Ranar 18 ga Fabrairun 1916 ya sauko.

To, amsar tambayarmu ta farko ke nan. Ba a hau dutsen da ƙarfi ba, wannan gaskiya ne. Amma wanda ya sauko ya ajiye bindigarsa a gaban abokin gaba, aka sa shi a jirgi zuwa gidan tsare fursunoni, ba a ce ya yi nasara.

Batun zinari kuma, ga abin da ya faru ranar saukowa. Von Raben ya roƙi Turawan Ingila su ba shi fam 2,000 ya biya sojojinsa bashin albashinsu, suka ba shi. Mutumin da ya ci bashi a hannun abokin gabansa don ya sallami yaransa, ina ya ga zinarin binnewa? Mai shirin ɗaukar diga ya hau dutse ya fara lissafa wannan.

Su wa suka yi yaƙin?

Ana cewa "Jamusawa sun yi", "Ingilishi sun kai hari", "Faransawa sun zagaye". Waɗannan sunayen tutoci ne. In ka cire hafsoshi 'yan ƙalilan, duk wanda ya harba da wanda aka harba a Mora baƙar fata ne.

Mu Hausawa abin ya shafe mu kai tsaye, ko da ba mu cika son tunawa ba. Tun 1863 wani hafsan Ingila, Glover, ya tara rundunar da ake kira Hausawan Glover a Ikko, yawancinsu bayin da suka gudu daga iyayengijinsu. Daga irin wannan tushe aka gina rundunar da Lugard ya kafa a 1897, har Hausa ta zama harshen bariki, da ita saje ke ba da umarni. Kalmar "Bahaushe" a bakin Bature ta haɗa Babarbare da Bazabarme da duk ɗan arewa mai jin harshen. Jamusawa ma da suka fara kafa 'yan sandansu a Kamaru a 1891 sun ɗauki Hausawa tare da mutanen Dahomey da na gaɓar Laberiya, daga baya suka fi ɗiba daga ƙabilun kudanci da tsakiyar ƙasar. Faransa kuwa tana kiran sojojinta 'yan Senegal, alhali a wannan yanki da yawansu 'yan ƙabilar Sara ne na kudancin Chadi.

Fatake ma ba su tsira ba. Bahaushe mai jaki da goro da kanwa, wanda ya san kowace hanya daga Yola zuwa Marwa zuwa Dikwa, shi ne kunne da idon kowane ɓangare, shi ne kuma wanda kowane ɓangare ke zargi da leƙen asiri. Da Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya ya shelanta jihadi a Nuwamban 1914 bayan ya shiga yaƙin a gefen Jamus, Jamusawa sun so su ja Musulmi da wannan. Sarakunan yankin nan ba su ruɗu ba. Sun duba wanda ya fi igwa kusa da ƙofar fadarsu.

Majiyoyin Jamus sun ce da yunwa ta tsananta von Raben ya ba sojojinsa izinin duk mai son tafiya ya tafi, ba wanda ya motsa. Ana kawo wannan a matsayin hujjar amana. Mai yiwuwa akwai amanar. Amma a tuna matansu da 'ya'yansu suna tare da su a kan dutsen, albashinsu na watanni yana hannun Bature, garuruwansu na da nisan tafiyar makonni, a ƙasa kuma ga bindigar abokan gaba, ga ƙauyawan da aka kwashe wa hatsi suna jira. Sojan da ke cikin wannan hali, in ya ce "ina nan", ba lallai ne ƙaunar Sarkin Jamus ta riƙe shi ba.

Sai waɗanda ko a lissafi ba sa shiga. 'Yan dako, waɗanda suka ɗauko akwatunan harsashi da buhunan hatsi a ka daga Maiduguri da Yola da Fort-Lamy, galibi sarki ne aka ce ya kawo mutum kaza, ya kamo. Da kuma masu dutsen kansu, mutanen Mura da maƙwabtansu irin su Podoko, waɗanda mutanen fili ke haɗa su a kalma ɗaya ta raini su ce "kirdi". Gidajensu da gonakinsu na matakala ne suka zama fagen fama. Na sama ya ci hatsinsu, na ƙasa ya hukunta su in ya zargi sun ciyar da na sama. Kuma ruɗanin shekarun nan ya ba masu farautar mutane sarari. Hamman Yaji na Madagali, can yammacin tsaunukan, ya bar littafin tarihin kwanakinsa daga 1912 zuwa 1927, inda ya riƙa lissafa hare-haren da ya tura kan mutanen dutse da adadin bayin da aka kamo masa, kamar mai lissafin kasuwa.

Jarumtaka ce ko taurin kai?

Masu yabon von Raben suna da hujja. Sojojin Jamus na dindindin a Kamaru gaba ɗaya ba su kai 2,000 ba lokacin da aka fara, kuma jiragen ruwan Ingila sun toshe teku. Ba wanda ya yi mafarkin cin yaƙi a nan. Dabarar ita ce a ja lokaci, a riƙe wani yanki, a ɗaure sojojin abokan gaba a wurin, har a gama a Turai. In Jamus ta yi rinjaye ko aka yi sulhu, sai ta ce ga tutata tana nan, a mayar mini da ƙasata. Ta wannan ma'auni, mutum 200 da suka zaunar da rundunar da ta ninka su na shekara ɗaya da rabi sun yi aikin da aka sa su.

Masu suka kuma suna cewa, to sai me? Bayan faɗuwar Garwa babu wata hanya da taimako zai iso. Watanni takwas na ƙarshe yunwa ce kawai da gawa, kuma yawancin gawarwakin ba na Jamusawa ba ne. Ni a nan na fi karkata. Ban raina ƙarfin halin mutumin ba, amma ƙarfin hali da cikin wani ake yinsa yana da sauƙin yabo. Shi von Raben ya koma ƙasarsu bayan yaƙi, ya rasu a 1924.

Akwai ɓangare na uku da ake yawan ji a Kamaru, masu kewar zamanin Jamus: su ne masu gini mai ƙarko, su ne ba sa wasa. Galibi haushin Faransa ne ke magana da wannan murya. Wanda ya tafi da wuri, ba a ga tsufansa ba, shi ake yi wa kirari. Amma gadojin da gine-ginen da ake nunawa da aikin tilas da bulala aka yi su, kuma Dominik da ya ci Marwa ba a san shi da tausayi ba ko a wurin 'yan uwansa.

Abin da ya rage wa talaka

Makomar Mora ba a kan dutse aka yanke ta ba. Makonni kaɗan bayan saukowar von Raben, Ingila da Faransa suka yi rabon wucin gadi. Yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta ƙwace wa Jamus duk ƙasashen da ta mallaka, a Yulin shekarar kuma ministocin Ingila da Faransa, Milner da Simon, suka sa hannu a kan sabon layi. Faransa ta tashi da kusan kashi huɗu cikin biyar. Ingila ta ɗauki siririn yanki a gefen Najeriya, ciki har da Dikwa, don ta haɗe Borno, da ɓangaren Adamawa da ke kusa da Yola. Layin ya bi ta tsaunukan Mandara, ya raba ƙasar Sarkin Mandara biyu: Mora a hannun Faransa, wasu talakawansa a hannun Ingila. Wato iyakar da take can wajen Yedzaram ta taso ta zo bakin ƙofa.

An samu dama guda ta ɗinke ta. A ƙuri'ar raba gardama ta 11 ga Fabrairun 1961 aka tambayi mutanen yankin arewa da Ingila ke riƙe da shi ina za su. Mutum 146,296 suka zaɓi Najeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ranar 1 ga Yuni yankin ya shiga Najeriya, aka sa masa suna Lardin Sardauna. Shugaba Ahmadu Ahidjo, ɗan Garwa, ya ji zafin abin har ya mayar da ranar ta makoki a Kamaru. Ko a 2002, da Kotun Duniya ta yanke hukunci kan iyakar Najeriya da Kamaru daga Tafkin Chadi zuwa teku, tsofaffin takardun Turawan nan ta buɗe, har da na Milner da Simon.

Shi ya sa ɗan kasuwar da ya ɗauko albasa daga Mora zai canza sefa zuwa naira a wuri mai nisan da babur ke ci cikin ɗan lokaci, ya tsaya wa jandarma a nan, ya tsaya wa kwastan a can, ya gaida ɗan ƙanen babansa mai katin wata ƙasa. A shekarun zaman lafiya iyakar nan abinci ce ga masu fito da fetur da kaya. Da Boko Haram ta taso, ita ce ta zama mafaka: a yi ɓarna a wannan gefe a tsallaka wancan, inda sojan da ke bin sawu ba shi da izinin shiga. Kolofata, Kerawa, Limani da Amchide sun ɗanɗana, tsaunukan kuma suka koma aikinsu na dā, maɓoya ga mai gudu da mai kora.

Da ƙasashen tafki suka sake tsara rundunar haɗin gwiwa a 2015, suka raba ta shiyya huɗu, shiyya ta 1 a Mora aka ajiye ta. Babbar hedikwatar kuma tana Injamena, garin da sojojin Faransa suka taso daga cikinsa a 1914 suka nufo dutsen.